Idan Apple Ko Google Sun Ƙi Karɓar Manhajarka: Yadda Ake Gyara A Sake Miƙawa

Saƙon ƙin karɓa yakan shigo ta imel, gajere, da Turancin ofis, ɗauke da lambar wata ƙa'ida da wataƙila ba ka taɓa karantawa ba. Abin da ya fi jefa masu haɗa manhaja cikin wahala a wannan gaɓa shi ne su taɓa ɗan abu kaɗan su sake miƙawa nan take, ko a dace. Kada ka yi haka. A wajen Google, ƙin karɓa da aka yi ta maimaitawa a kan laifi guda yana iya kaiwa ga dakatar da manhajar, a wajen Apple kuma kowane zagaye wasu kwanaki ne ka zubar. Saƙon nan takardar aiki ce, kuma a yawancin lokuta maganin yana cikinta ga wanda ya natsu ya karanta.

Fara da gane irin hukuncin da aka yi maka

Google Play yana da matakan hukunci daban-daban, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Mafi sauƙi shi ne ƙin karɓa: sabuwar manhajar ko sabuntawar ba za ta fita ba, amma tsohuwar sigar da ke shago tana nan, asusunka kuma bai samu tabo ba. Sama da shi akwai cirewa, inda za a sauke manhajar daga shago har sai ka turo gyararriyar siga, sannan ta dawo da masu amfani da ita da taurarinta, wato makin da jama'a suka ba ta. Sai dakatarwa, wadda ita ce mai ciwo. Ana lissafa ta a matsayin laifi a kan asusunka, ka rasa taurari da sharhi da ƙididdigar saukewa, sunan ƙunshin manhajar kuma, wato sunan da shagon ke gane fayil ɗin da kake turawa da shi, ba ka sake amfani da shi. Ƙarshe shi ne rufe asusun baki ɗaya. Ka shiga Play Console, shafin da masu haɗa manhaja ke miƙa aikinsu ga Google, ka buɗe shafin matsayin ƙa'idoji na manhajar, can za ka ga wanne ne ya same ka.

A App Store Connect kuwa, wato takwaransa na Apple, kalmar da ke gefen sigar ita ce za ta gaya maka yawan aikin. In an rubuta "Metadata Rejected", matsalar tana cikin bayanan shago ne, wato hotuna, bayani, ko wata tambaya da mai bita, wato ma'aikacin da ke duba manhajar, yake son amsarta. Ba ka buƙatar sabon ƙunshi, gyara bayanin da amsa saƙon sun wadatar. In an rubuta "Invalid Binary", injin tantancewa ne ya mayar da ƙunshin tun kafin ɗan Adam ya gan shi, dalilin kuma yana cikin imel mai lamba da ke farawa da ITMS. In "Rejected" ce kawai, mutum ne ya buɗe manhajar ya ga abin da bai yi masa ba.

Ciro abubuwa uku daga saƙon

Na farko lambar ƙa'idar. Ƙa'idojin Apple kashi biyar ne: 1 tsaron jama'a, 2 ingancin aiki, 3 kasuwanci, 4 tsari da fasali, 5 shari'a. Da ganin lambar farko ka san unguwar da matsalar take. Ka je ka karanta ainihin sakin layin a shafin Apple ko na Google, cikakkensa, domin abin da aka liƙa maka a imel sau da yawa guntu ne.

Na biyu lambar sigar da aka duba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a Google, za mu dawo kansa.

Na uku na'urar da aka yi gwajin da ita da hotunan da aka haɗo. Apple yakan rubuta samfurin wayar ko iPad ɗin da sigar tsarin aikinta, yakan kuma haɗo hoton allo ko rahoton faɗuwa a ƙasan saƙon cikin App Store Connect, ba a imel ba. Mutane da yawa ba sa gangarawa ƙasa su gani.

Idan bayan duk wannan ba ka gane inda laifin yake ba, ka tambaya kafin ka taɓa komai. A Apple kana iya amsa mai bita kai tsaye a wurin saƙon, ka nemi ya nuna maka allon da matakan da ya bi.

Mai bita ya kasa shiga

Apple da kansa ya ce sama da kashi 40 cikin 100 na matsalolin da ke riƙe manhajoji suna ƙarƙashin ƙa'ida ta 2.1 ne, wadda ta shafi cikar manhaja: faɗuwa, maɓallin da ba ya komai, rubutun cike gurbi, da rashin hanyar shiga. Rashin hanyar shiga ya fi cin masu haɗa manhaja don kasuwar gida, saboda dalilin da ba a cika tunawa ba. Mai bitar ba ya Kano, ba ya Maradi. Ba shi da layin da ke farawa da +234 ko +227 da za a turo masa lambar tabbatarwa, ba shi da BVN, ba shi da NIN. In allon farko na manhajarka yana neman ɗaya daga cikin waɗannan, aikinsa ya ƙare a bakin ƙofa.

Ga yadda ake warware shi. Ka buɗe asusun gwaji na musamman wanda ya riga ya wuce duk matakan tantance mutum, ka zuba masa bayanai na gani: 'yan ciniki da aka yi a baya, ɗan kuɗin gwaji a jaka, saƙonni biyu ko uku. Asusun da babu komai a ciki yana sa manhaja ta yi kama da kango. Idan shiga da lambar waya ake yi, ka ware lamba ɗaya mai tsayayyar lambar tabbatarwa. Firebase, dandalin Google da manhajoji ke amfani da shi wajen tantance masu shiga, yana ba da damar saka lambobin gwaji har 10 masu irin wannan tsari. Ka kashe tabbatarwa mai mataki biyu a kan wannan asusu, ka kuma tabbatar kalmar sirrinsa ba mai ƙarewa ba ce, domin Google yana iya dawowa duba manhajar bayan watanni, kuma sharaɗinsa shi ne bayanan shiga su yi aiki a kowane lokaci daga kowace ƙasa.

Daga nan ka duba sabarka, wato kwamfutar intanet da manhajar ke karɓar bayanai daga gare ta. Idan ka toshe duk masu shigowa daga wajen ƙasa don gudun 'yan damfara, to ka toshe mai bita ma. Ka kunna VPN ka fito ta Amurka, ka gwada shiga da asusun gwajin a wayar da ba ta taɓa ganin manhajar ba. Haka nan idan sabar irin ta kyauta ce mai yin barci in an daɗe ba a taɓa ta ba, buɗewar farko za ta ɗauki lokaci har mai bita ya ɗauka manhajar ta maƙale.

Bayanan shigar a Apple ana sa su a sashen "App Review Information", a Google kuma a "App access". Ka rubuta su da Turanci, mataki-mataki. In manhajar da Hausa take, ka fassara masa manyan maɓallai cikin bayanin, ka ce wanda aka rubuta wa "Shiga" shi ne na shiga, wanda aka rubuta wa "Saya" shi ne na biya. In akwai abin da ba zai iya gwadawa ba, kamar haɗawa da na'urar POS, ka ɗauki bidiyo a waya ta gaske ka ba shi adireshinsa.

Abu ɗaya da ya kamata a yi hattara da shi: asusun gwaji daban, ɓoye fasali daban. Tsara manhaja ta nuna wa mai bita fuska ɗaya, ta nuna wa jama'a wata bayan an amince, yaudara ce a idon kamfanonin biyu. A Apple tana ƙarƙashin 2.3.1, kuma tana iya cin asusun gaba ɗaya.

"A wayata tana aiki"

Idan an ce manhajar ta faɗi ko ta tsaya a farin allo, kai kuma ba ka ganin haka, kusan kullum bambancin yana tsakanin sigar da kake gwadawa daga kwamfutarka da ainihin ƙunshin da ka tura. Ka sauke wanda ka tura, ta manhajar gwaji ta TestFlight a Apple ko ta layin gwajin cikin gida a Google, bayan ka goge tsohuwar manhajar kakaf.

A Android akwai masu laifi biyu da suka yi suna. Na ɗaya R8, mai matse lambobin manhaja (code) da sauya sunayensu a sigar fitarwa, wanda yakan lalata ajujuwan da ke karanta bayanan JSON idan ba ka rubuta masa dokar kiyaye su ba. Na biyu makullin sa hannu. Tun watan Agustan 2021 sabbin manhajoji da tsarin ƙunshi na AAB ake tura su, Google ne kuma yake sa musu hannu na ƙarshe da makullin da ke wurinsa. Saboda haka tambarin SHA-1, wato lambar shaidar makullin, na sigar da ke shago ya sha bamban da na kwamfutarka. In ba ka kwafo na Play Console ka ƙara a Firebase ba, shiga da asusun Google zai yi aiki a hannunka ya ƙi a hannun kowa.

A ɓangaren Apple, ka gwada a iPad ko da don iPhone kaɗai ka yi manhajar, domin masu bita suna yawan amfani da shi, kuma maɓallin da ya faɗa ƙasan allo a can ya isa dalilin ƙi. Tun watan Yunin 2016 dole ne manhaja ta yi aiki a hanyar sadarwa mai sabon tsarin adireshin intanet na IPv6 zalla, don haka adireshin saba na lambobi da aka rubuta kai tsaye cikin manhaja yana iya hana ta haɗuwa. Rahoton faɗuwa da aka haɗo maka ba ya karantuwa sai ka buɗe shi a Xcode, manhajar Apple ta haɗa manhajoji, tare da fayil ɗin dSYM mai fassara rahoton, na wannan ginin (ƙunshin da ka tura) takamaimai, shi ya sa ba a goge ma'ajiyar ginin da aka tura.

Gwaji na ƙarshe, wanda mutane ke tsallakewa: ka ƙi ba da kowane izini da manhajar ta nema, ka ga ko za ta tsaya da ƙafarta.

Izini da sirrin jama'a

Nan ne ƙa'idoji suka fi yawa, nan ne kuma ake kama mutum da laifin da bai san ya yi ba, domin sau tari ba shi ya nemi izinin ba, wani SDK ne, wato laburaren wani kamfani, da ya dasa don talla ko ƙididdiga ya shigo da shi ta bayan gida. A Android Studio ka buɗe AndroidManifest.xml, ka danna shafin "Merged Manifest" da ke ƙasa. Zai nuna maka kowane izini da laburaren da ya kawo shi. Wanda ba ka buƙata ka cire shi da tools:node="remove".

Izinin da Google ya fi sa wa ido sanannu ne. Karanta saƙonnin tes da tarihin kira an taƙaita su tun farkon 2019, kusan sai manhajar da ita ce ainihin ta saƙo ko ta kira a wayar. In lambar tabbatarwa kawai kake son karantawa, SMS Retriever yana yin aikin ba tare da izinin ba. Bibiyar wurin mutum alhali manhajar tana rufe tana buƙatar cike fom da gajeren bidiyo mai nuna fasalin yana aiki. QUERY_ALL_PACKAGES, na ganin duk manhajojin wayar, da MANAGE_EXTERNAL_STORAGE, na taɓa duk fayilolinta, ba a bayar da su sai in su ne zuciyar manhajar. Don ɗora hoton fuska ɗaya, ka yi amfani da mai zaɓen hoto na Android, ba sai ka nemi ganin duk hotunan wayar ba. Shawara mafi amfani a nan ita ce, in za ka iya rayuwa ba tare da izinin ba, ka cire shi. Ya fi sauri nesa ba kusa ba a kan jayayya da mai bita.

In kuwa dole ne, Google yana son sanarwa bayyananna a cikin manhajar, kafin akwatin neman izinin ya fito, mai faɗin wane bayani ake ɗauka da abin da za a yi da shi, mutum kuma ya danna amincewa da hannunsa. Sa ta a takardar manufar sirri kaɗai bai wadatar ba.

Apple yana karanta jimlar da ka rubuta a Info.plist a ƙarƙashin maɓallai irin su NSCameraUsageDescription. "Manhajar tana buƙatar kyamara" ba ta wucewa. Ka faɗi dalili da misali: ana amfani da kyamara don ɗaukar hoton rasidi a liƙa shi a kan ciniki. Tun iOS 14.5 a 2021, bin sawun mutum don talla sai da akwatin neman yardarsa, kuma in ka amsa a App Store Connect cewa kana bin sawu amma akwatin bai fito ba, za a dawo maka da ita a kan 5.1.2. Tun 1 ga Mayun 2024 kuma ana neman fayil ɗin bayyana sirri mai faɗin dalilin amfani da wasu hanyoyin tsarin, wanda yawanci sabunta tsofaffin laburare ke magancewa.

Fom ɗin tsaron bayanai na Google, wanda ya zama dole a Yulin 2022, ana gwada shi da abin da manhajar take aikawa a zahiri. Idan ka ce ba ka tattara komai alhali AdMob, tsarin talla na Google, yana ɗaukar lambar talla ta wayar, maganarka ta saɓa wa aikinka. Manyan SDK suna wallafa jerin abin da suke ɗauka, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka cike fom ɗin.

Sai goge asusu. Duk manhajar da ake buɗe asusu a cikinta dole ta ba da hanyar goge shi daga ciki. Apple ya tilasta wannan daga 30 ga Yunin 2022. Google ya ƙara da neman adireshin intanet da mutum zai nemi gogewa ko da ya riga ya cire manhajar. Kashe asusu na ɗan lokaci ba gogewa ba ne, kuma a yawancin manhajoji Apple ba ya karɓar "turo mana imel". Haka kuma in manhajar karatu ce ko ta sauraro da ba ta da wani abin da ya dogara da asusu, tilasta rajista kafin a ga komai laifi ne a ƙarƙashin 5.1.1.

Maganar kuɗi

Tambayar da ke raba gardama ita ce: abin da aka saya a cikin manhajar ake morarsa, ko a waje? Littafin da ake karantawa a ciki, darasin bidiyo, cire talla, kuɗin wata na buɗe fasali, duk waɗannan a asalin ƙa'ida sai ta tsarin biyan shagon, 3.1.1 a Apple da Google Play Billing a Google. Saka Paystack ko Flutterwave don irin waɗannan shi ne ke jawo ƙi. Atamfa, abinci, kuɗin mota, biyan kuɗin wuta kuwa ba su shiga ciki ba, da hanyar biyanka za ka karɓa. Akwai sassauci da kotuna da dokoki suka tilasta a wasu wurare kamar Amurka da Tarayyar Turai, amma na shagunan waɗannan ƙasashe ne, kada ka ɗauka ya shafi ko'ina. Tun 2021 kamfanonin biyu sun rage kasonsu zuwa 15 cikin 100 ga ƙananan masu haɗa manhaja, sai dai rajista ake yi, ba ya zuwa da kansa.

Idan ka sa tsarin Apple amma mai bita ya ce bai ga kayan saye ba, ka duba abu biyu: ko ka sa hannu a yarjejeniyar manhajojin kuɗi ka kammala bayanan banki da haraji, da kuma ko ka haɗa kayan sayen da sigar lokacin miƙawa, domin na farko tare da siga ake tura su. Allon biyan kuɗin wata dole ya nuna suna, tsawon lokaci, farashi, da adireshin sharuɗɗan amfani da na manufar sirri, a kuma sa maɓallin dawo da abin da aka saya.

Tara sadaka ko gudummawar gina masallaci a cikin manhajar iPhone sai ƙungiyar da Apple ya tantance. Wanda ba shi da wannan sai ya tura mai bayarwa zuwa Safari ya biya a can.

Manhajar ba da rance tana da nata shingen. Kamfanonin biyu ba sa karɓar rancen da ake neman a biya duka cikin kwana 60 ko ƙasa da haka. Ga manhajar da ke aiki a Najeriya, Google yana neman takardar amincewar FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, tun farkon 2023, kuma daga ƙarshen Mayun shekarar ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobin abokan hulɗa da hotunan waya. Duk wanda ya ga yadda aka riƙa tozarta masu bashi a wajen 'yan uwansu ya san hanin ya dace. Harkar kuɗi da ta lafiya gaba ɗaya da asusun kamfani ake miƙa su, ba na mutum ɗaya ba, asusun kamfani kuma yana buƙatar lambar shaidar kamfani ta D-U-N-S, wadda samunta ke ɗaukar kwanaki ko makonni.

Lokacin da laifin manhajar ce kanta

Ƙa'idoji na 4.2 da 4.3 na Apple su ne mafi wuyar sha'ani, domin ba layi ɗaya za ka gyara ba. Ta 4.2 tana cewa manhajar ba ta wuce shafin intanet da aka naɗe a kwali ba. Ta 4.3 tana cewa irinta ta yi yawa, ko kuma lambobinta sun yi kama da na wasu da ke shago. Google ma yana da makamantansu a kan naɗaɗɗen shafi da maimaita abu ɗaya.

Wannan ya fi kama masu sayen samfuri guda su sauya masa launi da tambari, kamar yadda ake yi da manhajojin sayar da data da katin waya, da masu fitar da manhaja daban ga kowane malami ko kowane littafi. Sauya launi ba ya fitar da kai. Mafita ta gaskiya biyu ce. Ko ka haɗe su a manhaja ɗaya mai zaɓi a ciki, malamai ashirin a gida guda, ko ka ƙara abin da shafin intanet ba zai iya ba: sauraro ba tare da data ba, shiga da zanen yatsa, sanarwa mai ma'ana, ajiye inda mai karatu ya tsaya. Idan kuma abokan ciniki kake haɗa wa manhaja daga samfuri ɗaya, 4.2.6 ta ce kowannensu ya miƙa tasa da asusunsa. Hakan ma ya fi maka tsaro, laifin ɗaya ba zai ƙone sauran ba.

Game da haƙƙin mallaka, sa karatun wani, littafin wani, ko sunansa da hotonsa yana buƙatar izininsa a rubuce, mai kwanan wata da sa hannu da sunan manhajar. Apple ana haɗa masa takardar a wurin bayanan bita, Google kuma yana da fom na sanar da masu bita tun kafin miƙawa. Cewa abin yana yawo a WhatsApp ba hujja ba ce, ba a wajensu ba, ba kuma a wajen mai abin ba.

Bayanan shago gyaransu ba wuya. Suna kada ya wuce harafi 30 a shagunan biyu. Google ba ya son alamomin murmushi a suna, ko kalmomin da ke nufin kyauta ce ko ita ce lamba ɗaya. Apple ba ya son ganin sunan Android ko hoton wayar Android, yana kuma son hotunan su nuna manhajar tana aiki, ba allon shiga kawai ba. In jama'a suna rubutu ko ɗora hoto a manhajar, 1.2 tana neman hanyar tace abin da bai dace ba, maɓallin kai ƙara, hanyar toshe mai cin zarafi, da adireshin tuntuɓarka.

Sake miƙawa

A Google ga tarkon da muka ce za mu dawo kansa. Ka gyara, ka tura sabon ƙunshi, sai a sake ƙi da dalili iri ɗaya. Duba lambar sigar da ke cikin saƙon, sau da yawa za ka tarar tsohuwa ce da ka manta da ita a layin gwajin cikin gida, ko rufaffen gwaji, ko buɗaɗɗe. Google yana duba duk ƙunshin da ke raye a kowane layi. Ka ɗaga versionCode, wato lambar sigar, ka fitar da sabon ƙunshin a kowane layin da ke ɗauke da mai laifin, ka tabbatar tsohon ya faɗa jerin waɗanda ba a haɗa da su ba, ka saki sabon ɗari bisa ɗari, sannan ka je shafin wallafawa ka danna aika canje-canje don bita. In ba ka danna wannan ba, gyaran yana zaune ne kawai.

Masu sabon asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 suna da wani shinge kafin su fita kasuwa: rufaffen gwaji na kwana 14 a jere, da farko da mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12. Ana hana wucewa idan masu gwajin sun sauke sun ajiye ba su taɓa ba. Ka nemi mutum 15 ko fiye don kada fitar ɗaya ta rage adadin, ka sa su yi amfani da ita da gaske, ka fitar da gyara ko biyu a cikin kwanakin, ka rubuta abin da suka faɗa maka domin za a tambaye ka a fom.

A Apple ka ɗaga lambar gini, ka zaɓi sabon a shafin sigar, ka rubuta amsa kafin ka miƙa. Amsar ta zama gajera: lambar ƙa'idar, abin da ka canza, inda zai taɓa ya gani, da hoto ko bidiyo. In abubuwa uku aka lissafa maka, ka amsa ukun da lambobinsu. Labarin wahalar da ka sha ko matsin da mai aikin ke yi maka ba ya sauya komai. Apple ya ce kashi 90 cikin 100 na abin da ake miƙawa ana duba shi cikin ƙasa da awa 24, Google kuwa yana iya kai kwana 7 ko fiye. Kada ka janye ka sake turawa don ka ga an daɗe, ƙarshen layi za ka koma.

Akwai sauƙi biyu a Apple da ya kamata a sani. Tun 2020, idan manhajar tana shago kuma sabuntawar ta gyaran kuskure ce, kana iya roƙon a bar ta ta wuce ka gyara laifin ƙa'idar a siga ta gaba, muddin ba batun shari'a ko tsaron jama'a ba ne. Akwai kuma neman bitar gaggawa don matsala mai tsanani ko abin da ke da ranar da ba ta ɗaguwa. Ba a yawaita shi.

Ɗaukaka ƙara

Ana ɗaukaka ƙara ne idan ka tabbata an fahimce ka ba daidai ba, kana kuma da hujja: lasisi, takardar izini, bidiyon da ke nuna fasalin da aka ce babu. In ka san laifin gaskiya ne, gyara ya fi sauri. A Apple ka fara da amsa mai bita, in an cije sannan ka je kwamitin "App Review Board". A Google hanyar tana shafin matsayin ƙa'idoji. Duka biyun ƙara ɗaya ake karɓa a kan hukunci ɗaya, don haka ka tara duk takardunka kafin ka rubuta. Ka kawo lafazin ƙa'idar, ka nuna yadda manhajarka ta cika shi. Kada ka kafa hujja da cewa wata manhaja tana yin haka an ƙyale ta, ba a sauraron wannan.

Idan aka rufe asusu, kada ka buɗe wani da sunan ƙaninka ko matarka. Google yana haɗa asusai masu alaƙa, kuma idan ya gano, na biyun ma zai bi na farko, an gudu ba a tsira ba, ka kuma jawo wa wani asara. Saboda wannan dalilin ne ma bai kamata ka ba da aron asusunka ga wanda ba ka san abin da zai ɗora ba, komai kuɗin da ya yi tayi. Wanda zai taya ka aiki ka gayyace shi da nasa imel, ka ba shi iya ikon da yake buƙata.

Wasu ƙin kuma kalanda ce ke kawo su. Kowace 31 ga Agusta Google yana ɗaga matakin API, wato sigar Android da sabuntawa za ta nufa, ya zama 34 a 2024, 35 a 2025, tare da damar neman ƙarin lokaci zuwa 1 ga Nuwamba. Apple yakan ɗaga mafi ƙarancin sigar Xcode a watan Afrilu. Ka sa waɗannan ranaku a jadawalin aikinka, kuma duk manhajar da aka tsara don azumi, Sallah ko buɗe makarantu, ka miƙa ta aƙalla mako biyu kafin lokacin, ka zaɓi sakin manhajar da hannunka a App Store Connect ko sarrafa wallafawa a Play Console, ta yadda ko an amince da wuri za ta jira har ranar da ka danna.